Gawayi Kafin Launi: Taƙaitaccen Tarihin Koyon Zane Da Baƙi

Gabatarwa

A ƙasar Hausa in aka ce gawayi, abin da kan faɗo wa mutum a rai shi ne maƙeri, ko mai guga, ko mai shayi, ko kuwa yaron nan da ya sha bulala domin ya ɓata bangon zaure da zane-zane. Ba safai akan tuna da gawayi a wajen maganar ilmi ba. Haka kuma in aka ce mai zane, sai mu ƙiyasta wani mutum zaune cikin gwangwanayen fenti iri-iri da buroshi masu tsada, har ma akan ji ana cewa wai rashin kuɗin kayan aiki ne ke hana a koya wa yara zane a makaranta. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun tarihi in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai cewa wannan zato bai da tushe. Tun daga mutanen da suka zauna a kogon dutse har zuwa manyan makarantun zane na Turai, da baƙi ake fara koyo, launi sai daga baya, baƙin nan kuwa galibi daga ƙonannen itace ko hayaƙinsa ake samunsa. Zan fara da zamanin kogo, in biyo ta Italiya da Faransa, sa'an nan in sauka a nan Afirka.

Gawayi da 'yan'uwansa

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san abin da muke magana a kansa. Idan aka ƙona itace a fili, iska tana shiga, sai ya cinye ya zama toka. Amma in aka gasa shi a rufe, aka hana iska shiga, sai ruwa da sauran abubuwan da ke jikinsa su fice cikin hayaƙi, a bar baƙin abin nan da masana kimiyya ke kira kabon. Shi ne gawayi. Masu zane a Turai sun fi son na reshen inabi da na wata itaciya mai laushi ta bakin rafi da suke kira wilo, domin ba sa karce takarda. Gawayi yana da 'yan'uwa. Akwai kunkunniya, watau baƙin hayaƙi, wadda ake haɗa tawada da ita, akwai baƙin alli da ake haƙowa daga ƙasa, akwai kuma fensir. Duk zanen da aka yi da ɗayansu, ba a sa ja ko kore ko shuɗi ba, shi nake nufi da zanen baƙi.

Mutanen kogo

A watan Disamba na 1994 waɗansu mutum uku masu sha'awar shiga kogwannin dutse suka gano wani kogo a kudancin Faransa, wanda aka sa wa sunan ɗayansu, watau Chauvet. A bangonsa suka tarar da hotunan dawaki da zakoki da karkanda, da yawa daga ciki kuwa da gawayi aka yi su. Gawayin nan shi ya tona asirin shekarunsu. Dalili kuwa, kowace itaciya tana zuƙar wani irin kabon daga iska muddin tana raye, in ta mutu sai ya riƙa raguwa bisa ƙa'ida, rabinsa yana tafiya cikin kowace shekara 5,730. Da aka auna abin da ya rage a jikin zanen, sai aka ga ya wuce shekara 30,000.

Tsufan abin mamaki ne, amma a wurina gwanintar ta fi. Mai zanen ya fara kankare bangon har ya yi fari, sa'an nan ya ja layi, sa'an nan ya murza gawayin da yatsa domin wuyan doki ya fito da kauri, daga ƙarshe ya sake kankare gefen layin domin kan dokin ya fito sarai. Ja, da murzawa, da gogewa, su ne dai abubuwa ukun da ake koya wa mai riƙe da gawayi har yau. Hannun da ya yi wannan aiki ba ranar ya fara ba, lalle ya sha gwaji, kuma da wuya a ce bai taɓa tsayawa ya kalli wani gwani yana yi ba. Ke nan koyon zane ya girmi koyon rubutu nesa ba kusa ba, tun da shi rubutu bai wuce shekara 5,000 da 'yan kai ba.

Kada mai karatu ya zaci abin na Turai ne kaɗai. Cikin 1969 wani mai binciken kayan tarihi, Bajamushe, mai suna Wendt, ya tono waɗansu 'yan fale-falen duwatsu a wani kogo a kudancin Namibiya, ɗauke da hotunan dabbobi da aka yi da gawayi da jar ƙasa da farar ƙasa. Ya sa wa kogon suna Apollo 11, domin a lokacin ne kumbon Amurka mai wannan suna ya dawo daga duniyar wata. An ƙiyasta shekarun duwatsun sun wuce 25,000.

Allon yaran Italiya

Mutanen kogo ba su bar mana bayanin yadda suke koyarwa ba. Wanda ya bar mana cikakken bayani shi ne wani mai zane na yankin Fulorans a Italiya, Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin sana'arsa wajen shekara ta 1400, bayan shi kansa ya yi shekara 12 a gaban maigidansa. Bisa ga tsarinsa, yaro zai fara ne da ɗan ƙaramin allo na katako. Za a ƙona ƙashin kaza har ya yi fari fat, a niƙa, a kwaɓa da yawu, a shafe fuskar allon, sa'an nan yaro ya yi ta zane a kai da tsinken azurfa har shekara guda. Bayan nan zai yi shekara shida yana niƙa launi da dafa danƙo da shirya katako, sai kuma wata shekara shida yana koyon shafa launin. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ba zai ji wannan tsari baƙo ba: ga allo, ga malami, ga hidimar gidan malami, ga kuma haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Cennini ya kuma bayyana yadda ake yin gawayin zane. A yanka busasshen wilo tsawon tafin hannu, a fiƙe, a ɗaure dami-dami da waya, a zuba a sabuwar tukunya, a rufe, a liƙe bakin da yumɓu. Da maraice, in mai burodi ya tashi daga aiki, sai a kai masa ya sa a tanderu ya kwana, da safe a ɗauko. Ni kaina na gwada wannan dabara da gwangwanin madara mai murfi da 'yan busassun tsinkayen darbejiya. Na huda murfin da ƙusa, na tura gwangwanin cikin murhu. Da farko farin hayaƙi ne ke fita ta hudar, can sai ya kama da wuta, in wutar ta mutu aiki ya gama. Sai dai a bar shi ya huce tukuna, domin in aka buɗe da zafi iska za ta shiga ya koma toka.

Amfanin gawayi a wurin Cennini shi ne ana goge shi. Ya ce mai zane ya ajiye gashin kaza ko na dinya a kusa, in layi ya karkace ya share ya sake. Tsinken azurfa kuwa ba ya goguwa da sauƙi a takarda. Saboda haka yaro yana da malamai biyu a hannunsa: azurfa tana koya masa taka-tsantsan, gawayi yana cire masa tsoro.

Har a manyan ayyuka gawayi ne ke share fage. Idan za a yi hoto a jikin bango, sai a fara zana shi a babbar takarda, a bi layukan da allura ana hudawa, a manna takardar a kan ɗanyen shafe, sa'an nan a ƙulle garin gawayi a ƙyalle a riƙa bubbugawa. In aka ɗaga takardar sai a ga hoton ya fito ɗigo-ɗigo, sai mai fenti ya bi. Da wannan dabara Mikelanjelo ya yi waɗansu sassa na rufin majami'ar Sistina a birnin Rum tsakanin 1508 da 1512.

Mutumin da ya nuna amfanin malaman nan biyu shi ne Albrecht Durer na birnin Nurembag a Jamus, ɗan maƙerin zinariya. Cikin 1484, yana ɗan shekara 13, ya dubi madubi ya zana kansa da tsinken azurfa, hoton kuwa yana nan har yau a Biyana. Bayan shekara 30, watau cikin 1514, sai ya ɗauki gawayi ya zana mahaifiyarsa tana da shekara 63, bayan ta haifi 'ya'ya 18, uku kaɗai suka girma. Bai ɓoye ramar wuyanta ko zurfin idonta ba. Wata biyu bayan haka ta rasu. Hoton yana Balin, kuma ban ga abin da launi zai ƙara masa ba.

Daga shagon maigida zuwa makaranta

Sannu a hankali koyon zane ya tashi daga shagon maigida ya koma makaranta. An kafa ta Fulorans cikin 1563, ta Faris cikin 1648, ta Landan kuma cikin 1768. Dukansu hawa uku suke bi. Da farko ɗalibi zai kwaikwayi zanen wani gwani daga takarda zuwa takarda. Na biyu, a ajiye masa farin mutum-mutumi da aka kwafo daga sassaƙen Girkawa da Rumawa. Na uku, a tsayar masa da mutum mai rai. A hawan nan abin da ke hannunsa sau da yawa gawayi ne ko baƙin alli. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne babbar makarantar zane ta Faris ba ta fara koyar da shafa fenti a cikinta ba sai da aka yi mata gyara cikin 1863. Kafin nan wanda ke son launi sai ya nemi maigida a gari.

Me ya sa mutum-mutumin ya zama fari? Domin a hana launi ruɗin ido. Abin da ke gaya wa ido cewa tulu kewayayye ne, ba shimfiɗaɗɗe kamar faifai ba, shi ne yadda haske ke raguwa a jikinsa. Mai karatu ya ajiye ƙwai kusa da taga ya duba da kyau. Zai ga wurin da haske ya fi bugu, zai ga inda ya fara dushewa, zai ga inda duhu ya fi, sa'an nan a can ƙasa zai ga wani ɗan haske-haske da ya dawo daga tebur, daga ƙarshe ga inuwar da ƙwan ya jefa. Wanda bai iya rarrabe waɗannan biyar da baƙi ba, in aka ba shi fenti sai dai ya yi kwalliya, siffa ba za ta fito ba. Gawayi kuwa ya dace da wannan darasi, domin yana tafiya daga toka-toka har zuwa baƙi ƙirin, yana cika fili da sauri in aka kwantar da shi, kuma da ƙyalle ko ɓargon burodi ana iya ciro haske daga cikin duhu.

Amma fa tsarin yana da aibinsa. Akwai makarantun da ɗalibi kan shafe makonni, wani lokaci watanni, yana gyaran inuwar mutum-mutumi guda, har hannunsa ya gwanance idonsa ya mutu. Irin wannan ɗalibi in an fitar da shi kasuwa aka ce ya zana mai tallan nono tana tafiya, sai ya rasa ta inda zai fara. Bugu da ƙari, mata ba su sami shiga makarantar Faris ba sai cikin 1897.

Zuwan fensir

A tsakiyar wannan zamani ne fensir ya shigo. Cikin ƙarni na 16 aka gano wani baƙin dutse mai santsi a Borodel, a arewacin Ingila, wanda makiyaya ke yi wa tumakinsu alama da shi. Aka riƙa yanka shi ana sawa cikin katako. Mutane suka ɗauka irin dalma ne, sai cikin 1779 wani masani ɗan Suwidin, Scheele, ya nuna cewa kabon ne. Ashe fensir da gawayi uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila, dutsen ya yanke wa Faransawa, sai wani mai suna Konte ya fito da dabara cikin 1795: a niƙa gurɓataccen dutsen da ake samu a wasu wurare, a tace, a haɗa da yumɓu, a gasa. In yumɓu ya yi yawa fensir ya yi tauri, in ya yi kaɗan ya yi laushi da baƙi. Ita ce dabarar da ake bi har yanzu, kuma akwai wani irin baƙin allin zane da ke ɗauke da sunansa. Magogin roba ma bai daɗe da rigan wannan ba, domin cikin 1770 ne Priestley na Ingila ya ba da labarin cewa danƙon roba yana goge fensir. Kafin nan da burodi ake gogewa.

Mutum biyu da suka shahara da launi

Hujjata mafi ƙarfi ita ce labarin mutum biyu da duniya ta sani saboda launi. Na farko shi ne Van Gogh, mutumin Holan. Sai da ya kai shekara 27, cikin 1880, bayan ya gwada kasuwancin hotuna da koyarwa da wa'azi duk bai dace ba, sa'an nan ya ƙudura zai zama mai zane. A lokacin yana zaune cikin talauci a wani ƙauyen masu haƙar kwal a Beljiyam, ba malami ba makaranta. Abin da ya samu shi ne aron darussan wani Bafaranshe, Charles Bargue, waɗanda aka buga tsakanin 1866 da 1871, shafi 197. Dabarar Bargue ita ce a fara kama siffa da miƙaƙƙun layuka, a tabbatar tsawo da faɗi sun daidaita, a raba haske da duhu gida biyu, sa'an nan a shiga gyara. Akwai kashi guda na shafi 60 da aka keɓe domin gawayi. Van Gogh ya kwafe shi tun daga farko har ƙarshe, ya sake, ya kuma sakewa. Cikin 1886 ya shiga makarantar zane ta Antwap, suka saɓa da malamai a kan zanen mutum-mutumi, bai yi wata biyu cikakku ba ya bar ta. Watau ya ƙi tsarin makarantar, amma bai ƙi darasin ba, domin cikin 1890, shekarar da ya mutu, ya sake roƙon ƙanensa ya aiko masa da darussan Bargue ya ƙara bi.

Na biyu shi ne Seurat, Bafaranshe, wanda ya shahara da haɗa hoto da ɗigo-ɗigon launi. Da ya gama aikin soja cikin 1880, sai ya shafe wajen shekara biyu yana fama da baƙi da fari. Yakan goga allin Konte a kan takarda mai kaushi, allin ya kama tudun takardar ya bar kwarinta fari, har mutum ya fito daga cikin duhu ba tare da an ja masa layi ba. Aikinsa na farko da aka karɓa a babban nunin Faris, cikin 1883, hoton abokinsa ne da baƙin alli. Ya mutu cikin 1891 yana da shekara 31.

Akwai kuma waɗanda suka zauna a baƙin suka mai da shi gida. Kathe Kollwitz ta Jamus, wadda mijinta likitan talakawa ne a Balin, ɗanta kuma ya mutu a yaƙi cikin 1914, ta yi yawancin aikinta da gawayi da baƙar tawadar ɗab'i, tana zana yunwa da uwayen da suka rasa 'ya'ya. A ƙasar Sin kuwa tun da daɗewa masana sun ɗaukaka zanen tawada zalla, wadda ake yi da hayaƙin itace da danƙo, har cikin 1679 aka buga wani littafi mai koya wa ɗalibi zanen itatuwa da duwatsu, ja bayan ja.

A nan gida

Irin koyon zane na makarantun Turai ya shigo Nijeriya ne ta hannun Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijabu Ode cikin 1882. Ya koya wa kansa ta hanyar kwaikwayon hotunan littattafai da jaridun Turawa, a zamanin da waɗansunsu ke cewa baƙar fata ba zai iya irin wannan zane ba. Cikin 1920 ya tafi Landan da Faris ya yi karatu, ya dawo cikin 1922 ya shiga koyarwa a makarantun Ikko. Shi ya matsa wa gwamnati ta kawo ƙarin malami, aka kawo Kenneth Murray cikin 1927. Sai dai ra'ayinsu ya bambanta. Onabolu yana son yaro ya ƙware a awo da haske da inuwa, Murray kuwa ya fi son yaro ya zana rayuwar garinsu, kada ya zama ɗan kwaikwayo.

Wannan gardama ta biyo sashen zane na kwalejin da aka mayar Zariya daga Ibadan cikin 1955, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Cikin 1958 waɗansu ɗalibai, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna cewa a ɗauki dabarar Turai a haɗa da gadon gida. Uche Okeke ya koma ga uli, watau zanen layi da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya riƙa yin irinsa da alƙalami da baƙar tawada.

Wanda labarinsa ya fi kusa da mu shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Umdurman cikin 1930. Mahaifinsa malamin allo ne, a gabansa ya fara riƙe alƙalami. Ya yi karatun zane a Landan daga 1954 zuwa 1957, amma da ya koma gida ya ga jama'arsa ba su damu da irin hotunan da ya koyo ba, sai ya waiwayi harufan Larabci da adon allo, ya riƙa fitar da siffofi daga cikinsu. Cikin 1975, zamanin Numairi, aka tsare shi a kurkukun Kobar fiye da wata shida ba shari'a. Can ya riƙa yayyaga takardar buhun siminti yana zane da guntun fensir, in ya ji motsin gandiroba ya binne a cikin rairayi. Bayan ya fito ya yi shekaru yana aiki da baƙi da fari, yana haɗa ƙananan takardu su zama babban hoto. Cikin 2013 aka yi babban nunin ayyukansa a gidan Tate na Landan.

Mu ma Hausawa ba baƙin baƙi ba ne. Tawadar allo da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, ita ce kuma hannun almajiri ke sabawa da ita shekara da shekaru, a rubuta a wanke, kafin a kai ga zayyana mai launi. Haka kuma kafin maɗinki ya sa allura a babbar riga, sai mai zane ya fitar masa da aska biyu ko aska takwas da alƙalami da tawada. Bambancin shi ne namu horon na layi ne da daidaiton ado, na Turai kuwa ya ƙara da haske da inuwa. Amma ƙa'idar ɗaya ce, baƙi a gaba, launi a baya.

Gawayi bai tsufa ba har yanzu. Tun daga 1989 William Kentridge na Afirka ta Kudu ya riƙa yin fim da shi: ya zana, ya ɗauki hoto, ya goge wani wuri ya sake, ya kuma ɗauka, har zanen ya yi motsi, tabon abin da aka goge yana nan ana gani. Cikin 2020 kuma Toyin Ojih Odutola, wadda aka haifa a Ife ta girma a Amurka, ta nuna hotuna 40 a Landan, na gawayi da alli a kan baƙin fili, masu ba da wani ƙagaggen labari da ta ɗora a kan duwatsun Filato.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna mini shi ne tsadar fenti ba ta taɓa zama shingen koyon zane ba. Abin da ake bukata a shekarun farko shi ne gawayi, da takarda ko da ta buhun siminti ce, da ƙyalle, da abin dubawa, da kuma wanda zai ce wa yaro sake duba. In an gama, ɗan ruwan ƙaro da aka fesa sama-sama ya isa ya kama gawayin kada ya zube. Na san akwai 'yan'uwa da ke ƙyamar zanen abu mai rai saboda dalilin addini, wannan kuwa magana ce ta malamai. Amma darasin haske da inuwa ba lalle sai da mutum ko dabba ba. Tulu da ƙwarya da buta da ƙofar zaure da hantsi ya haska sun isa, kuma da su mai son zama magini ko injiniya zai koyi gani.

Mu masu hidimar adabin Hausa abin ya shafe mu kai tsaye. Littafin yara yana bukatar mai zanen da ya san yadda ake naɗa rawani, da yadda mace ke goya ɗa, da yadda rumbu ke zaune a kan duwatsu. Irin wannan mai zane ba za a yi odarsa daga waje ba, daga cikin ƙannenmu zai fito. Saboda haka ina kira ga waɗanda za su koyar a cikinmu, kada su jira kwalin fenti daga ofis kafin su fara. Ga iyaye kuma, in an kama yaro yana ɓata bango da gawayi, a tsawata masa saboda bangon, sa'an nan a nemo masa takarda. Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.